Deliget da Zaɓen Fid da Gwani na Shugaban Ƙasa: Abin da Sashe na 84 na Dokar Zaɓe ta 2022 Ya Ce

Tun daga daren 28 ga Mayu, 2022, lokacin da jam'iyyar PDP ta kammala babban taronta a Abuja, inda Atiku Abubakar ya samu ƙuri'a 371, Nyesom Wike ya samu 237, maganganu iri-iri suka riƙa yawo a Zariya game da taron fid da gwani na APC da aka shirya farawa ranar 6 ga Yuni. A majalisun Tudun Wada da Ƙofar Doka, da teburan masu shayi na PZ da Samaru, an riƙa cewa shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, zai nuna mutum ɗaya kawai, kowa ya bi, ko ana so ko ba a so. An kuma riƙa cewa duk deliget (wato wakilin da ke jefa ƙuri'a a taron jam'iyya) da ya saɓa wa umarnin gwamnan jiharsa ya karya doka, har ma ana iya gurfanar da shi. Wasu sun ƙara da cewa duk wanda ya karɓi kuɗin ɗan takara, jami'an hukumar yaƙi da cin hanci ta EFCC za su yi awon gaba da shi daga bakin ƙofar filin taro. Biyu daga cikin waɗannan maganganu ba su da tushe a doka, ta ukun kuma an yi mata ƙarin gishiri.

Dokar da ake magana a kanta ita ce wadda take aiki a lokacin, wato Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, kuma sashe na 84 ne ya tsara yadda jam'iyyu za su fid da 'yan takara. Ya ba su hanyoyi uku: 'yar tinƙe, inda duk mai rajista a jam'iyya zai jefa ƙuri'a, zaɓe ta hanyar deliget, ko kuma maslaha, wato masu neman takara su amince da mutum ɗaya daga cikinsu. Majalisar Tarayya ta so ta tilasta 'yar tinƙe kaɗai, amma shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a Disambar 2021, sai aka saka sauran biyun. Hukumar zaɓe ta INEC sa ido kawai take yi a wurin, jam'iyya ce mai gudanar da zaɓenta. Katin zaɓe na dindindin ba shi da aiki a wannan mataki, kuma masu riƙe da muƙaman da aka naɗa su, kamar ministoci da kwamishinoni da masu ba da shawara, ƙaramin sashe na 12 ya hana su yin zaɓe ko a zaɓe su matuƙar suna kan kujerunsu, wanda shi ya sa ministoci irin su Rotimi Amaechi da Godswill Akpabio da Ogbonnaya Onu suka ajiye aiki a watan Mayu.

Batun maslaha shi ne inda aka fi samun ruɗani, musamman bayan ganawar da shugaban ƙasa ya yi da gwamnonin APC ranar 31 ga Mayu, inda ya nemi su mara masa baya wajen zaɓen wanda zai gaje shi. Neman goyon baya haƙƙinsa ne kamar kowane jigo na jam'iyya, amma doka ba ta ba shi ikon naɗi ba, haka kuma ba ta ba shugaban jam'iyya ko ƙungiyar gwamnoni ba. Ƙaramin sashe na 9 ya ce jam'iyyar da take son tsayar da ɗan takarar maslaha sai ta samu rubutacciyar amincewa daga dukkan waɗanda aka tantance, kowannensu ya nuna cewa ya janye bisa raɗin kansa, kuma ya amince da wanda aka tsayar. Dukkansu ake nufi, ba mafi rinjaye ba. Mutum 23 ne suka bayyana gaban kwamitin tantancewa na John Oyegun, kowannensu an biya naira miliyan 100 kuɗin fom da sunansa. Idan duka suka sa hannu in ban da mutum ɗaya daga cikin waɗanda kwamitin ya amince su yi takara, maslaha ta rushe, domin ƙaramin sashe na 10 ya ce a wannan hali dole jam'iyya ta koma 'yar tinƙe ko zaɓen deliget. Ko da an samu sa hannun kowa, ƙaramin sashe na 11 ya wajabta a kira taro na musamman domin a tabbatar da zaɓin. A ganina wannan shi ne ɓangaren dokar da ya fi inganci, domin ya sa mutum ɗaya mai taurin kai yana iya dakatar da ɗauki-ɗora, abin da a da sai dai a yi ta gunaguni a kansa a bayan fage.

Akwai wani abu da ake haɗawa da maslaha alhali daban yake. A taron PDP, gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya hau mumbari ya janye, ya roƙi magoya bayansa su zaɓi Atiku. Wannan janyewa ce ta mutum ɗaya, kuma ba ta hana a yi zaɓe ba, tunda sauran 'yan takara suna nan, har Bukola Saraki ya samu ƙuri'a 70. Roƙon da ya yi kuma roƙo ne kawai; ƙuri'un deliget ba kadarar ɗan takara ba ne da zai miƙa wa wani, kuma wanda ya je Abuja domin Tambuwal yana da cikakken 'yancin ya jefa wa duk wanda ya ga dama bayan janyewar. Idan aka ga irin haka a taron kowace jam'iyya, kada a ce an yi maslaha. Ɗan takara yana iya tashi a matsayin wanda shugaban ƙasa ko gwamnoni suke so, amma muddin akwai wani da bai sa hannu ba, sai an ƙidaya ƙuri'a, kuma doka ta ce wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ne za a aika sunansa ga INEC.

Sai maganar deliget da gwamnansa. Babu inda sashe na 84 ya ɗaure deliget da zaɓin gwamna, ko na shugaban jam'iyya na jiha, ko na uban gidan da ya tsaya masa har ya samu wannan matsayi. Abin mamaki ma shi ne, a 2022 gwamnan da kansa bai samu ƙuri'a ta hanyar muƙaminsa ba. Ƙaramin sashe na 8 ya ambaci deliget ɗin da aka zaɓa ta hanyar dimokuraɗiyya kaɗai, bai ambaci waɗanda a da suke shiga da muƙamansu ba, wato shugaban ƙasa, gwamnoni, 'yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi. 'Yan majalisa sun farga da cewa sun rufe wa kansu ƙofa, suka yi gyaran gaggawa a watan Mayu, amma shugaban ƙasa bai sa masa hannu ba. Saboda haka APC ta tsaya a kan mutum uku daga kowace ƙaramar hukuma, wato 2,322 daga ƙananan hukumomi 774. Jihar Kaduna mai ƙananan hukumomi 23 ta samu 69, Zariya da Sabon Gari kuwa, duk yawan jama'arsu, mutum shida ne aka ba damar yin magana da yawunsu.

Zargin zagon ƙasa da ake tsorata deliget da shi lamari ne na kundin jam'iyya, ba laifi ba ne da ɗan sanda zai kama mutum a kansa, kuma yana da wuya a ce wanda ya zaɓi ɗan takarar da jam'iyyarsa ta tantance ya yi mata zagon ƙasa. Amma zai zama rashin gaskiya a ce gwamna ba shi da ƙarfi. Sau da yawa shi ne ke da ta cewa wajen fitar da sunayen deliget tun daga mazaɓa. Shi ne zai ɗauki nauyin motocin da za su kwashe su, musamman a lokacin da jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja ya tsaya bayan harin 28 ga Maris, 2022, shi zai sauke su a otal ɗaya, a sa masu tsaron ƙofa domin kada wakilan wasu 'yan takara su iso gare su. A filin taro ana kiran jihohi ɗaya bayan ɗaya, mutanen jiha guda su yi layi tare, kowa yana ganin ɗan'uwansa. Deliget ɗin da yake tunanin kwangila, ko takarar kansila, ko aikin ɗansa, ba dokar zaɓe yake tsoro ba. Dokar ta ba shi 'yanci, amma ba ta tanadar masa wata kariya daga abin da zai biyo baya idan ya dawo gida ba, kuma wannan giɓi ne da masu rubuta ta suka sani sarai.

Hukuncin da ya fi nauyi a sashen ma ba a kan deliget yake ba, a kan jam'iyya yake. Ƙaramin sashe na 13 ya ce idan jam'iyya ta kasa bin ƙa'idojin dokar wajen zaɓen fid da gwani, ba za a sa ɗan takararta a cikin zaɓen wannan kujera ba. Wanda yake ganin wasa ne, ya tuna da Zamfara. Ranar 24 ga Mayu, 2019, ƙarƙashin tsohuwar dokar 2010, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani a jihar ba, ta mayar da duk ƙuri'un da ta samu na banza. Kujerar gwamna, sanatoci uku, 'yan majalisar wakilai bakwai da kujeru 24 na majalisar jiha duk suka suɓuce mata, aka rantsar da Bello Matawalle na PDP wanda ya zo na biyu. A Ribas ma jam'iyyar ba ta samu shiga takarar gwamna ba a 2019. Jam'iyyar da ta tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa ta hanyar maslahar da ba ta cika sharaɗi ba, tana jefa kanta ne cikin irin wannan haɗari a faɗin ƙasa baki ɗaya, kuma a 2022 ba a samu lokacin gyara mai yawa ba, tunda INEC ta tsayar da 9 ga Yuni a matsayin ranar ƙarshe ta kammala zaɓukan fid da gwani.

Sai dai hanyar kai ƙara ƙunƙuntacciya ce. Ƙaramin sashe na 14 ya ba ɗan takarar da yake ganin an saɓa wa doka ko ƙa'idojin jam'iyya damar zuwa Babbar Kotun Tarayya, kuma sashe na 285 na tsarin mulki ya ba shi kwana 14 kacal daga ranar da abin ya faru. Ɗan jam'iyya na ƙasa, wanda ya sha rana yana liƙa fosta daga Kwangila zuwa Gyallesu, ba a ambace shi a cikin masu wannan dama ba. Kotu kuma ba ta da ikon dakatar da zaɓen fid da gwani saboda ana shari'a, kamar yadda ƙaramin sashe na 15 ya tanada. Wato idan manya suka sasanta da wanda aka zalunta bayan taro, maganar ta mutu ke nan, ko da dubban magoya bayansa ba su gamsu ba.

Game da kuɗi, gaskiya ne an ga jami'an EFCC a filin taron PDP, kuma gaskiya ne sashe na 121 ya haramta bayarwa da karɓar toshiyar baki domin ƙuri'a, da hukuncin tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun. Amma sashen yana magana ne a kan mai jefa ƙuri'a a zaɓe, bai kira sunan deliget ɓaro-ɓaro ba, kuma ko a inda ya shafa, sai an tabbatar wa kotu cewa kuɗin na sayen ƙuri'a ne, ba kuɗin mota ko na masauki ba, sunayen da aka saba laƙaba musu. Abin da ya fi sauƙin kama mutum shi ne dokar hana halasta kuɗin haram, wadda ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan biyar ba ta hanyar banki ba. Tarar naira 500,000 kuwa, ga wanda ya sayi fom na miliyan 100, ba ta kai abin tsoro ba. Rage yawan deliget ma, wanda aka yi zaton zai tsaftace lamarin, ya ƙara wa kowace ƙuri'a tsada ne. A taron APC na Legas a Disambar 2014, Buhari shi kaɗai ya samu ƙuri'a 3,430, adadin da ya fi jimillar duk deliget ɗin APC na 2022. Mutanen Kaduna ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani, domin sun ga yadda Sanata Shehu Sani, wanda ya ce ba zai ba deliget ko kwabo ba, ya tashi da ƙuri'a biyu a zaɓen fid da gwanin gwamna na PDP.

Abin da doka ta gindaya wa mai neman shugabanci bai da yawa: sashe na 131 na tsarin mulki ya ce ya zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa, ya kai shekara 35, ya zama ɗan jam'iyyar da ta tsayar da shi, ya kuma yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. Ƙaramin sashe na 3 na sashe na 84 ya hana jam'iyya ƙara wasu sharuɗɗan cancanta a kan waɗanda tsarin mulki ya tanada. Karɓa-karɓa tsakanin Arewa da Kudu, wadda ake ta ce-ce-ku-ce a kanta, fahimta ce ta 'yan siyasa da tsarin cikin gida na jam'iyyu, ba ta cikin Dokar Zaɓe, shi ya sa PDP ta iya buɗe takararta ga kowane yanki ba tare da ta karya wannan doka ba. Deliget yana iya mutunta ta saboda alƙawari da zaman lafiyar ƙasa, yana kuma iya ƙin yin haka, babu hukunci a kansa ko ta wane ɓangare. Ƙa'idar da ya kamata ya sa a gabansa idan yana auna wanda zai iya kai jam'iyyarsa ga nasara tana sashe na 134: bayan rinjayen ƙuri'u, sai ɗan takara ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi 36, wato jihohi 24, da Babban Birnin Tarayya. Jihohin Arewa 19 ne, na Kudu 17, don haka babu ɓangaren da zai iya cika wannan sharaɗi shi kaɗai.