Kalmomin Ingilishi masu ɗauke da haruffan "ough"

"Ough" jerin haruffa huɗu ne da ke fitowa a cikin kalmomin Ingilishi da dama, kuma ya yi suna wajen wahalar da masu koyon harshen, domin rubutu ɗaya ne amma furucin ya kasu aƙalla gida takwas. Wanda ya saba da rubutun boko na Hausa, inda kusan kowane harafi yake da sautinsa, zai zaci kalmomin nan duk amonsu ɗaya. A baki kuwa kowacce ta kama gabanta.

Kason da ya fi yawa shi ne na aikatau da ke nuna abin da ya riga ya wuce, waɗanda ke ƙarewa da "t": bought, ya saya, brought, ya kawo, fought, ya yi faɗa, sought, ya nema, thought, ya yi tunani, ko kuma tunanin kansa. A cikin waɗannan ana furta "o" mai tsawo, kuma "gh" ba ta da sauti ko kaɗan. Haka ma ought, ya kamata, da nought, sifiri. Sai dai drought, wato fari na rashin ruwan sama, ta yi kama da su a ido kawai, domin ana furta ta da "au" irin na kalmar "sau". Wannan "au" shi ne kuma a bough, babban reshen itace, da plough, garma.

A wani kason "gh" ta koma "f". Tough na nufin tauri, rough kaushi, enough isasshe, dukkansu da amon "af". Cough, tari, da trough, kwamin da dabbobi ke shan ruwa a ciki, su kuma "of" ne. Though, ko da yake, da dough, kwaɓaɓɓen garin da ake yin burodi, suna ƙarewa da "o" kamar na "zo". Through, ratsawa ta cikin abu, tana ƙarewa da "u". Thorough, aikin da aka yi a tsanake ba a bar komai ba, da borough, gunduma ko yanki na birni, a bakin mutanen Ingila suna ƙarewa da ɗan gajeren "a". Through da thorough asalinsu ɗaya ne, kalmar tsohon Ingilishi "thurh", kuma har yau ana jin dangantakar a ma'ana: aikin da ya cika shi ne wanda aka ratsa daga farko har ƙarshe.

Dalilin wannan ruɗani yana cikin tarihin harshen. Tsohon Ingilishi yana da wani sauti na maƙogwaro, irin harafin "kha" na Larabci. Da farko ana rubuta shi da "h", daga baya da wani harafi mai suna yogh, sannan bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, marubuta suka riƙa sa "gh" a madadinsa. A lokacin, duk wanda ya rubuta "gh" yana furta ta. Daga ƙarni na 15 zuwa na 17 sautin ya ɓace daga bakin mutanen kudancin Ingila: a wasu kalmomi ya faɗi gaba ɗaya, a wasu ya rikiɗa ya zama "f". A daidai wannan zamani ne wasulan harshen su ma suka yi ta sauyawa. Shi kuwa rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya tun da William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, ƙamusun Samuel Johnson na 1755 ya ƙara ɗaure shi. Jamusanci, ɗan'uwan Ingilishi, ya riƙe tsohon sautin, shi ya sa thought take "dachte" a can. Mai jin Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan sauyi, tun da "kha" ta Larabci ta zama "h" a alheri da Alhamis. Bambancin shi ne boko ya rubuta abin da baki ke faɗa, Ingilishi kuwa ya ajiye tsohon rubutun.

Akwai 'yan kalmomi da suka fita dabam. Hiccough, shaƙuwa, ana furta ta "hikap", kuma an sa mata wannan rubutu ne bisa kuskuren ɗauka cewa tana da alaƙa da cough. Lough a ƙasar Ailan tafki ne, kamar Lough Neagh, inda har yanzu ake jin sautin maƙogwaron. Slough kalma biyu ce a rubutu ɗaya: da "af" tana nufin saɓar maciji, da "au" kuwa wuri mai taɓo, kuma haka ake kiran garin Slough da ke yamma da Landan. Sunan garin Loughborough ya haɗa furuci biyu a kalma guda, "Lafbara".

An sha ƙoƙarin gyara. A Amurka an fi rubuta plow maimakon plough, abin da Noah Webster, mai ƙamusun 1828, ya goyi baya. A 1906 aka kafa wata hukumar sauƙaƙa rubutu da kuɗin attajiri Andrew Carnegie, ta fitar da kalmomi 300, cikinsu har da tho da thru maimakon though da through. Shugaba Theodore Roosevelt ya umarci maɗaba'ar gwamnati ta yi aiki da su, amma majalisa ta ƙi, kafin shekarar ta ƙare ya janye umarnin. Jaridar Chicago Tribune ta ci gaba da amfani da wasunsu har 1975. Yau thru ta fi fitowa a allunan kan hanya da na gidajen abinci, donut kuma ta zauna kusa da doughnut, wani irin soyayyen burodi mai zaƙi, amma a makaranta da takardar jarrabawa tsohon rubutun ne malamai ke karɓa.