Dogon takalmin fata: ire-irensa da yadda ake haɗa shi

Dogon takalmi shi ne sau-ciki wanda wuyansa ya wuce idon sawu, wani ya tsaya a ƙwauri, wani ya kai gwiwa. Sassansa manya uku ne: fuska, wadda ke rufe yatsu da bayan ƙafa, wuya, wanda ke hawa ƙwauri, sai tafi tare da dunduniya. Ya bambanta da huffi, domin huffi ba shi da tafi mai tauri.

Yawancin sanannun ire-irensa daga hawan doki suka samo asali. Wellington, wanda a yau aka sani da dogon takalmin roba, na asalinsa na fata ne. An yi wa Arthur Wellesley, kwamandan sojan Ingila mai sarautar Duke na Wellington, shi a Landan a farkon ƙarni na 19, da fatar maraƙi mai laushi da gajeriyar dunduniya. Na kaboyi ya bazu a Texas da Kansas bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865. Ba shi da igiya, tafinsa sumul yake don ya shige likkafa ya fita ba gardama, dunduniyarsa kuwa takan kai santimita 4 zuwa 5 don kada ƙafa ta zarce cikin likkafa. Chelsea gajere ne, da roba mai talewa a gefe biyu maimakon igiya, ya fito a zamanin Sarauniya Victoria.

Aiki yana farawa da gunkin ƙafa na katako ko na roba, wanda shi ke yanke siffar takalmin. Fatar sama takan kai kaurin milimita 2, ta tafi kuwa 4 zuwa 5. Baduku mai hankali daga gadon bayan kirgi yake yanka fuska, don fatar cikin dabba sako-sako ce, tana miƙewa ta yi tamoji. Ana jiƙa fatar, a ja ta da awartaki a kan gunkin, a kafe da ƙananan ƙusoshi, a bar ta kwanaki har ta riƙe siffa.

Inda aiki yake shi ne haɗa sama da tafi. A ɗinkin ɗamara, ana zagaya gefen takalmin da siririyar fata mai faɗin kusan santimita ɗaya da rabi, wato ɗamarar, a ɗinke ta tare da fatar sama da shimfiɗar ciki. Ramin da ya rage a tsakiya a cike shi da ɓawon nan mai laushi da ake toshe kwalba da shi, a sa ɗan ƙarfe ƙarƙashin kwarin ƙafa don kada tafi ya lotsa. Daga nan sai a ɗinke tafi a jikin ɗamarar da zare mai kaki. Tun da ɗinki biyu ne daban, in tafi ya cinye sai a farke na waje kawai a sa sabo, sama ba ta san an yi ba. Injin wannan ɗinki yana ɗauke da sunan Charles Goodyear ƙarami, amma da basilla ake yi tun kafin injin. A ɗinkin Blake kuwa zare ɗaya ne ke ratsa tafi har ciki: takalmin ya fi sauƙi da lanƙwasuwa, sai dai ruwa na bin ramukan allura. Masu yin na kaboyi suna kafe kwarin tafi da tsinkayen katako, saboda katako na kumbura tare da fata in ta jiƙe, ƙusa kuwa tsatsa take yi ta saki.

Dunduniya ta gari fata ce ake jerawa falle-falle. Ta arha kwali ne da aka matse, ruwa ɗaya ke tona asirinsa. Jiƙaƙƙen takalmi kuma ba a kai shi bakin wuta, don zafi na ƙone man fatar ta tsage daidai inda yatsu ke lanƙwasa. A cusa masa takarda, a ajiye a inuwa, in ya bushe a shafa mai kaɗan.