Ma'anar "30x" da ke jikin ƙaramar kyamara mai dogon zum

Akwai rukunin kyamarori ƙanana da ke shiga aljihun riga, amma da zarar an kunna sai gilashin ya miƙo waje hawa-hawa ya jawo abin da ke nesa. Su ake kira superzoom. A gabansu za ka ga an rubuta 30x ko 40x, kuma da wannan lamba ake tallarsu. Da yawa sun ɗauka 30x na nufin kyamarar tana girmama abu sau talatin a kan yadda ido ke ganinsa. Ba haka lissafin yake ba.

Lambar tana fitowa ne idan aka raba dogon zangon gilashi da gajerensa; zango shi ne ma'aunin yadda gilashi ke jawo abu, kuma da milimita ake faɗinsa. Panasonic Lumix TZ95, wadda ta fito a 2019, zangonta daga milimita 24 ne zuwa 720. Raba 720 da 24, ka samu 30. Canon PowerShot SX740 HS tana tashi daga 24 ta tsaya a 960, shi ya ba ta 40x. Ganin ido kuwa ana kwatanta shi da kusan milimita 50, don haka 720 sau 14 da 'yan kai take jawo abu. Kyamarar da ta tashi daga 35 ta tsaya a 700 za a rubuta mata 20x, alhali nisan da take cimma kusan ɗaya ne da na mai 30x. Saboda haka lambobin milimita su ne abin dubawa: ƙaramar tana gaya maka faɗin abin da za ka ɗauka a ɗaki ko a taron biki, babbar tana gaya maka nisa.

To yaya aka cusa milimita 720 a abin da ke shiga aljihu? Sirrin yana ga sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a bayan gilashi. A TZ95 faɗinsa kusan milimita 6.2 ne, tsayinsa 4.6, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ainihin gilashin daga milimita 4.3 ne zuwa 129; ƙanƙantar sensa ce ta sa yake ba da hoto irin na 24 zuwa 720 a babbar kyamara. A nan ake biyan kuɗin nisan, domin ƙaramin sensa haske kaɗan yake tarawa. Ga kuma ƙofar gilashin tana tsukewa yayin da ake jawowa: f/3.3 ce a farko, ta koma f/6.4 a ƙarshe (idan wannan lamba ta ƙaru, ƙofar ta tsuke), ke nan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ke shiga. Da rana tsaka ba za ka ga illar ba. Amma da la'asar sakaliya, ko a cikin ɗakin taro, kyamarar za ta ɗaga lambar ISO, wato ma'aunin yadda take ƙara wa hoto haske, kuma idan ta wuce 800 sai hoto ya fara yin tsaki-tsaki, gashin kai da zaren aikin riga su narke su zama shafe.

Shi ya sa wasu kamfanoni suka rage nisa suka ƙara sensa. Sony RX100 VII tana tsayawa a milimita 200, Panasonic TZ200 a 360, amma sensarsu milimita 13.2 ce da 8.8, kusan ninki huɗu na waccan. Wanda yawancin hotunansa na mutane ne da yamma ko a cikin gida, wannan rukuni ya fi masa, ko da lambar da ke jiki 8x ce ko 15x. Mai son tsuntsu a kan bishiya ko mahayi a can tsallaken fili ranar hawan sallah, shi ne mai bukatar 720.

Sai a kula da zum iri biyu. Na gilashi shi ne na gaskiya, gilasai ne ke motsawa a ciki. Na dijital yanke tsakiyar hoto yake yi ya buɗa shi: ninki biyu a sensa mai megafiksel 20 ya bar ka da 5 kacal. Idan ka ga 60x ko 80x a kwali, duba ko da na dijital aka haɗa. Gara a kashe shi a saiti, in ya so a yanke hoton daga baya a kwamfuta.

Abin da ya fi ɓata hoto a dogon zum shi ne rawar hannu. Tsohuwar ƙa'ida ita ce saurin shata, wato murfin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, kada ya gaza ɗaya bisa tsawon zango, wato kusan 1/800 na daƙiƙa a milimita 720. Na'urar hana girgiza da ke cikin gilashi tana sassauta wannan, amma ba ta tsayar da abin da ke motsi; doki mai sukuwa sai 1/1000 ko fiye. Manna gwiwar hannu a ƙirji, kafa ido a ɗan tagar leƙe idan akwai, ka danna maɓalli rabi har ya kama abin da kake so, sannan ka ƙarasa a hankali. Idan abin ya ɓace maka, rage zum ka nemo shi ka sake jawowa.

Iska ma tana da nata. Hazon hunturu yana dusashe launi, zafin da ke tashi daga kwalta ko fili da rana yana sa abin da ke nesa ya yi ta rawa, kuma babu saitin da ke gyara wannan sai ɗauka da sassafe ko matsawa kusa. Ƙura kuwa abokiyar gaba ce: duk miƙewa da komawar gilashi yana zuƙo iska ciki, kuma tunda ba a cire shi, ɗigon da ya sauka a sensa sai mai gyara ya kwance kyamarar. Tsakuwar rairayi ɗaya a tsakanin hawan gilashin tana iya maƙale shi a waje. A ajiye ta cikin jaka mai zif, a hure ƙurar jikinta da famfon roba kafin a kashe, kuma kada a taɓa tura gilashin ciki da hannu.