Tallafin mai: ciko ne, ba kyauta ba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a dandalin rantsuwa a Abuja ya ce tallafin mai ya tafi, babu kalmar da ta sha wuya a bakin 'yan siyasa da masu sharhi a rediyo kamar "tallafi". Kuɗin mota ya tashi, a ce cire tallafi ne. Gwamna zai raba shinkafa, a ce tallafi. An ba mata jarin naira dubu ashirin-ashirin, tallafi. Ambaliya ta ci gari an kai barguna da tabarmi, shi ma tallafi. Har ka ji mutum ya cika baki yana cewa an cire tallafi ne domin a ba talaka tallafi, kuma mai gabatar da shirin ba zai tsayar da shi ya tambaye shi wanne ne wanne ba.

Wannan cakuɗawar ta yi ɓarna. Da yake duk sauran tallafin da muka sani abu ne da ake miƙa wa mutum a hannu, sai mai sauraro ya ɗauka na mai ma haka yake: wasu maƙudan kuɗi ne a ajiye, gwamnati tana ɗiba tana rabawa don tausayi, ranar da ta ga dama ta daina. Ba haka ba ne. Litar fetur tana da kuɗin da ta ci kafin ta iso famfon gidan mai: kuɗin ɗanyen mai, kuɗin tacewa, kuɗin jirgin ruwa, kuɗin saukewa a tasha, dako, da ribar dillali. Idan gwamnati ta yanke farashin sayarwa ƙasa da wannan jimillar, dole wani ya cike bambancin. Wannan cikon shi ne tallafin mai. Ba shi da tsayayyen adadi. Yana kumbura yana motsewa gwargwadon yadda kuɗin kawo man ya motsa.

A ɗauki maigidan da ya ba wani hayar shago a ƙofar gidansa. Ya ce wa mai shagon, duk wanda ya fito daga gidan nan ka sayar masa da kwanon gero naira 500, ko nawa kasuwa ta kai, ni zan cika maka. Gero yana 700, maigida na cika 200. Gero ya kai 1,500, cikon ya zama 1,000, alhali mutanen gida ba su ga wani canji ba. Da abin ya yi wa maigida nauyi, sai ya daina fito da kuɗi daga aljihu, ya ce wa mai shago ya riƙa cirewa daga kuɗin hayar da yake biyansa. Daga ranar maigida zai iya rantsuwa cewa bai ƙara ba mai shago ko kwabo ba, kuma bai yi ƙarya ba. Amma kuɗin haya ya daina shigowa, kuma mai shago ne kaɗai ya san kwano nawa ya auna. Shi ke awo, shi ke rubutawa, shi ke cirewa.

Abin da ya faru da kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ke nan. A watan Mayun 2016 gwamnatin Buhari ta ɗaga lita daga naira 86 da kwabo 50 zuwa 145, aka ce an gama da tallafi. Ba a daɗe ba kuɗin kawo mai ya sake zarce farashin famfo, 'yan kasuwa suka janye daga shigo da shi, NNPC ya zama shi kaɗai ke kawowa. Maimakon a koma majalisa a ce tallafi ya dawo, sai aka raɗa wa cikon wani suna na Turanci mai nufin ba a mayar da uwar kuɗi ba, kamfanin ya riƙa cire shi daga kuɗin ɗanyen man da ya kamata ya zuba a asusun tarayya. A 2020, lokacin korona, da ɗanyen mai ya faɗi warwas, an sake shelar cewa tallafi ya ƙare, aka ma rage lita zuwa 125. Ɗanyen mai na farfaɗowa cikon ya dawo. A 2022 kaɗai ya haura naira tiriliyan 4. Saboda haka idan jami'i ya ce "ba ma biyan tallafi", tambayar da ta dace a yi masa ita ce: nawa lita take isowa, nawa ake sayar da ita, wa ke ɗauke da bambancin? Sunan da aka sa wa bambancin ba ya rage masa ko sisi.

Ruɗani na biyu shi ya fi ci mini rai, domin shi ne ke sa a ɗora wa kalma ɗaya laifin abubuwa biyu. Mako biyu bayan jawabin nan na Tinubu, a tsakiyar watan Yunin 2023, Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin watan Fabrairun 2024 ya ƙare ta wuce 1,500. Fetur kuwa da dala ake sayo shi. Mu yi lissafi mai sauƙi, mu ɗauka lita tana isowa gaɓar Legas a kan santi 60 na dala, ba tare da sauran kuɗaɗen tasha da dako ba. A canjin 460, naira 276 ke nan. A canjin 1,500, naira 900. Man bai canja ba, jirgin bai canja ba, ɗanyen mai bai ƙara tsada a duniya ba, amma lita ta ninka fiye da sau uku. Yanzu a duba cikon. Lokacin da ake sayarwa 185 kafin a cire tallafi, giɓin bai kai naira 100 ba a wannan lissafin. Da aka ɗaga farashi zuwa 617 a Abuja a watan Yulin 2023, aka bar shi a nan sama da shekara guda yayin da naira ke zubewa, giɓin ya kusan kai 300. Wato talaka yana biyan ninki uku na abin da ya saba, an gaya masa an cire tallafi, kuma cikon da ake yi a bayan fage ya fi na da girma.

Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya duk sun faɗa cewa tallafin ya dawo ta bayan gida, gwamnati tana musantawa. A watan Agustan 2024 shugabannin NNPC suka fito suka ce ba tallafi suke biya ba, giɓi ne suke cikewa tsakanin kuɗin kawo mai da farashin da aka umarce su su sayar. Wannan kuwa ita ce ma'anar tallafi, kalma da kalma. Sai a watan Satumba da Oktoban 2024, da lita ta tashi zuwa 897 sannan 1,030 a Abuja, za a iya cewa an saki farashi da gaske. Da an gaya wa mutane haka tun farko, da sun san cewa abin da ke cin aljihunsu rabi cire ciko ne, rabi kuma, har ma fiye, faɗuwar naira ce.

Wanda ke shakka ya dubi man dizal, wanda direbobinmu ke kira gas. Shi babu tallafi a kansa tun shekaru da dama kafin 2023, kasuwa ce ke yanke masa farashi. A farkon 2022 litarsa tana wajen naira 300. Rasha, wadda ke cikin manyan masu sayar wa Turai dizal, ta afka wa Yukiren a watan Fabrairu, kafin tsakiyar shekara lita ta wuce 700. Da naira ta faɗi ta haura 1,000. Babu wanda ya cire komai daga kan dizal, amma har yau za ka ji ana cewa "tun da aka cire tallafi gas ya yi tsada". Kuma dizal ɗin nan shi ne ke cikin tirelar da ke ɗauko tumatir da shanu zuwa kudu, shi ke cikin injin kamfanin shinkafa, shi ke cikin janareton gidan burodi da na turakun sadarwa. Tsadar abinci ta fi bin sawunsa fiye da yadda ake faɗa.

Akwai kuma wani ciko na daban da ya tafi shiru, wanda ya fi shafar mu a Arewa, kuma da wuya ka ji an ambace shi. Tun 1975 aka kafa asusun daidaita farashin mai, wanda aikinsa shi ne biyan kuɗin dakon mai zuwa wurare masu nisa daga gaɓar teku, domin mutumin Sakkwato da mutumin Legas su sayi lita a farashi ɗaya. Ana ɗora ɗan wani abu a kan kowace lita, a tara, a biya masu tanka. Dokar man fetur ta 2021 ta narkar da asusun cikin sabuwar hukumar kula da harkar, sannan sakin farashi ya kawo ƙarshen farashi na bai ɗaya. Ranar da NNPC ya fitar da sabon jadawali a ƙarshen Mayun 2023 aka gani a rubuce: Legas 488, Abuja 537, Maiduguri 557. Bambancin naira 69 a kowace lita, tun ranar farko, kuma yankin da ya fi talauci shi ya fi biya. Wannan bambancin kuɗin dizal ne da tayoyi da kwanakin da tanka ke yi a hanya daga Legas, fiye da kilomita 1,500 kafin ta ga Maiduguri.

Gaskiya ne cewa ko a da ɗin ba kowa ne ya ga man 185 ba. Duk wanda ya zauna a Kano ko Gusau a ƙarshen 2022 ya san layin da ke kwana a gidan mai, ya san 'yan bumburutu a bakin titi da jarkoki da mazurari da gorunan ruwa cike da fetur, suna sayar da galan a farashin da suka ga dama, ga gidan man a bayansu an ɗaure ƙofarsa da igiya. Gaskiya ne kuma an yi sata. A 2012, bayan Jonathan ya ɗaga lita daga 65 zuwa 141 aka yi zanga-zanga ya dawo da ita 97, kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Farouk Lawan ya gano cewa an ware naira biliyan 245 a kasafin 2011 amma an kashe sama da tiriliyan 2, har da kamfanonin da suka karɓi kuɗi ba su kawo mai ba. Mai arha ya yi ta tsallaka iyaka zuwa Nijar da Benin da Kamaru, har a 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. Kuma mai motoci biyar ya fi mai babur ɗaya morar cikon. Duk na yarda.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce talaka bai taɓa amfana ba. Mai noman rani a Kura da ke tayar da injin ban ruwa da asuba ya amfana. Mai adaidaita sahu da ke biyan balas kullum ya amfana, haka matar da ke kai markaɗe, haka mai cajin waya da ke kunna ƙaramin janareto saboda babu wuta. A ƙasar da asibiti da makaranta da lantarki duk mutum ke yi wa kansa, man fetur mai rahusa shi ne kusan abu ɗaya da ɗan ƙasa yake taɓawa da hannunsa daga arzikin man ƙasarsa. Kiran sa "tallafi" da irin muryar da ake kiran rabon shinkafa yana sa ya yi kama da alfarma, alhali daga dukiyar jama'a ake cire shi. An kasa kama ɓarayin cikon, sai aka cire cikon. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, bai kai ninki biyu da rabi ba, fetur kuwa ya ninka fiye da sau biyar cikin wata goma sha bakwai. Kuɗin da aka daina cirewa yanzu yana shiga rabon wata-wata na tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, kuma kason gwamnoni ya ƙaru sosai. Mai tambayar ina kuɗin tallafi, ƙofar gwamnansa ce wuri na farko da ya kamata ya ƙwanƙwasa.

Sai batun matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, wadda ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024. Mutane da yawa sun ɗauka tunda a gida ake tacewa, arha ta dawo. Tacewa a gida tana rage kuɗin jirgin ruwa da neman dala, kuma gasar da ta jawo ta sa farashi ya sauka ƙasa da 1,000 a wurare da dama a 2025. Amma ɗanyen man da matatar ke saye, ko da an ce ta biya da naira kamar yadda aka fara a watan Oktoban 2024, farashinsa na kasuwar duniya ne ake juyawa zuwa naira a canjin ranar. Idan gwamnati ta sayar mata da ɗanye ƙasa da haka don lita ta yi sauƙi, to tallafi ya dawo ke nan, an dai matsar da shi daga famfo zuwa bakin rijiya. Ana iya yin hakan, ƙasashe masu arzikin mai da dama suna yi, amma a kira shi da sunansa, a rubuta shi a kasafi inda kowa zai gani.

Kuma Lekki tana bakin teku ne. Matatar Kaduna, da aka buɗe a 1980 don ta tace ganga 100,000 a rana ta tura ta bututu zuwa defo-defo na Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri, ta shafe shekaru ba ta aiki, bututun ma sun lalace. Muddin haka abin yake, kowace litar da za a zuba wa babur a Damaturu sai ta hau tanka tun daga kudu, kuma mai babur ɗin ne zai biya kuɗin hanyar.