Gwajin jini ɗaya ba ya yanke hukuncin haihuwa

An daɗe ana ɗauka cewa da zarar an auna sinadaran haihuwa a jinin mace, takardar sakamakon za ta nuna ko za ta haihu ko a'a, kuma wannan kuskure ya jefa mata da dama cikin zullumi ba gaira ba dalili.

A ɗakin gwaji, na'ura tana amfani da sinadaran garkuwar jiki waɗanda kowannensu ke kama nau'i guda na sinadaran haihuwa, ta haka ake auna FSH da LH (sinadaran da ke sa ƙwan mace ya nuna ya fito) da furolaktin (sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa) daga 'yar kwalbar jini ɗaya. Sai dai adadinsu yana hawa da sauka. Shi ya sa ake auna FSH tsakanin rana ta 2 da ta 5 na al'ada, furojestaron (sinadarin da ke ƙaruwa bayan fitar ƙwai) kuma kwana 7 kafin al'ada mai zuwa, wato rana ta 21 ga mai zagayen kwana 28. Idan aka saɓa ranar, lafiyayyar mace ma sakamakonta na iya nuna kamar akwai matsala. Furolaktin kuwa, shayarwa ko fargabar allura na iya ɗaga shi.

Jini ba ya nuna toshewar bututun mahaifa, ba ya kuma maye gurbin gwajin maniyyin miji, wanda sau da yawa ake yin watsi da shi.