Mene ne rabon magani na gama-gari a yaƙi da tundurmi?

A ƙauyuka da dama na Najeriya, sau ɗaya a shekara, za ka ga wani ɗan gari yana bin gida-gida riƙe da doguwar sanda mai zane-zane, da littafin rajista, da robar ƙwayoyi. Sai ya tsayar da mutum jikin sandar, ya ƙirga masa ƙwayoyi a tafin hannu, ya ce ya haɗiye a gabansa. Wannan aikin shi ne rabon magani na gama-gari, wanda ma'aikatan lafiya ke taƙaitawa da MDA. Abin nufi, a ba dukkan mutanen yanki magani a lokaci guda, mai ciwo da mai lafiya, ba tare da an tsaya gwada jinin kowa ba. Tambayar da mai rabon ya fi shan ta ita ce: "Ni da nake lafiya ƙalau, me zan yi da magani?" Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta tana cikin yadda cutar kanta take.

Tundurmi ba sammu ba ne, ba kuma taka wani abin da aka binne a hanya ke kawo shi ba. Wata siririyar tsutsa ce mai kama da zare, wadda a Afirka sunanta Wuchereria bancrofti, sauro ke ɗaukar ta daga jikin wani zuwa wani. A karkarar Afirka ta Yamma, sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro shi ne dai ke wannan aikin. Idan tsutsar ta shiga jiki sai ta sami mazauni a hanyoyin da ke kwashe ruwan jiki, wuraren nan da kaluluwa ke fitowa, ta girma, ta zauna shekara 6 zuwa 8 tana zuba miliyoyin 'ya'ya cikin jini. 'Ya'yan nan ba a ganin su sai da madubin likita, kuma da rana ɓuya suke yi a can cikin jiki, sai dare ya yi su fito kusa da fata, daidai lokacin da sauro ke cizo. Shi ya sa a da masu bincike sai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2 na dare suke ɗibar jinin mutane.

Ga inda gizo ke saƙa: yawancin masu ɗauke da tsutsar ba su da wata alama. Sau da yawa tun suna yara suka kamu, suna noma, suna kasuwa, ƙafarsu lafiya lau, amma jininsu cike yake da abin da sauro zai kai wa ɗan maƙwabci. Kumburin ƙafa ko hannu ko nono, da gwaiwa ga maza, sai bayan shekaru suke bayyana, kuma ga wasu kaɗan. Saboda haka idan aka ce sai mai kumburi za a ba magani, an bar ainihin masu yaɗa cutar.

Maganin da ake rabawa yana share 'ya'yan tsutsar daga jini na tsawon watanni, amma ba ya gamawa da uwar a sha ɗaya. Dabarar ita ce a riƙa share 'ya'yan kowace shekara har uwar ta tsufa ta mutu, sauro kuwa ya yi ta cizo bai sami abin ɗauka ba. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi rabon aƙalla shekara 5, kuma kowane zagaye ya kai ga aƙalla kashi 65 cikin 100 na dukkan mutanen yankin. Garin da rabinsa ya sha, rabi ya ƙi, ko aka sha bana aka tsallake baɗi, sai a yi ta maimaitawa shekara da shekaru.

Ba magani iri ɗaya ake bayarwa ko'ina ba. A Najeriya da sauran ƙasashen da ke da cutar makantar rafi, ivermectin ake haɗawa da albendazole. Ivermectin shi ne wanda mutane suka fi sani da Mectizan, kuma kamfanin Merck ke ba da shi kyauta tun 1987, GSK kuma ke ba da albendazole. A ƙasashe irin su Indiya ana amfani da wani magani, DEC, kuma tun 2017 aka amince a haɗa ukun gaba ɗaya a inda babu makantar rafi. Amma DEC haɗari ne ga mai ɗauke da tsutsar makantar rafi, yana iya ɓata masa ido, shi ya sa ba a raba shi a irin ƙasashenmu. A dazuzzukan Kamaru da tsakiyar Afirka kuma akwai wata tsutsa, Loa loa, wadda ake ganin wucewarta a farin ido. Mai ita da yawa a jini, ivermectin na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har ya suma. A irin waɗannan wuraren albendazole kaɗai ake bayarwa, sau biyu a shekara, a haɗa da gidan sauro.

Sandar nan kuwa madadin sikeli ce. Maimakon a auna nauyi, sai a auna tsawo, a ba mutum ƙwaya 1 zuwa 4 ta Mectizan gwargwadon inda kansa ya tsaya, da ƙwaya guda ta albendazole. Yaron da bai kai santimita 90 ba, da mai ciki, da maijegon da ba ta yi mako da haihuwa ba, da wanda ke kwance da ciwo mai tsanani, ba a ba su. Wasu bayan sun sha sukan yi ƙaiƙayi, ko zazzaɓi, ko ciwon kai na kwana ɗaya ko biyu. Yawanci mutuwar 'ya'yan tsutsar ce ke jawo haka. A ganina, mai rabon da bai faɗi wannan tun farko ba ya yi rabin aiki, domin mutum ɗaya ya kwana yana susa bai san dalili ba, gobe unguwa guda ta rufe ƙofa. Inda mai unguwa da liman suka fara haɗiya a bainar jama'a, aikin yakan zo da sauƙi.

An ga amfanin abin. Shirin duniya na kawar da tundurmi ya fara a 2000. Togo ce ƙasa ta farko a Afirka kudu da Sahara da aka tabbatar ta kawar da shi a matsayin barazana ga lafiyar jama'a, a 2017, Malawi ta biyo a 2020. A 2017 ɗin aka sanar da irin wannan nasara a jihohin Filato da Nasarawa, bayan shekaru ana rabon magani da gidan sauro tare da taimakon Cibiyar Carter, wata ƙungiyar agaji ta Amurka. Ba kuma da ka ake daina rabon ba. Jinin yara 'yan shekara 6 zuwa 7 ake gwadawa, waɗanda aka haifa bayan an fara shirin. In masu alamar tsutsar ba su kai ɗan adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade ba, sai a dakata, a kuma sake gwajin har sau biyu a shekarun da ke biye.

Abin da ya kamata a faɗa wa mutane ba ɓoye-ɓoye shi ne ƙwayoyin nan ba sa saɓe ƙafar da ta riga ta kumbura. Wanda aka yi wa wannan alkawarin zai sha, ya jira, ya ga ba canji, ya yanke ƙauna. Mai kumburi kulawarsa daban ce: wanke ƙafar kullum da sabulu da ruwa mai tsabta, a tsane ta sarai musamman tsakanin yatsu da cikin lanƙwasar fata, a sa magani a kan duk wani rauni, a riƙa ɗaga ta in an zauna ko an kwanta, a motsa ta, a sa takalmi mai laushi. Wannan ne ke rage masassarar nan mai zafi da ke kwantar da mutum kwanaki, wadda ƙwayoyin cuta da ke shiga ta tsagar fata ke haddasawa, kuma kowace tasowarta tana ƙara wa ƙafar girma. Tsaga ƙafar da aska don a fitar da "mugun jini" ƙofa ce ake buɗe wa waɗannan ƙwayoyin. Gwaiwa kuwa tiyata ke warkar da ita, kuma aiki ne da ake yi a asibitocin gwamnati da dama, sai dai kunya na sa maza da yawa su yi shekaru suna ɓoye ta cikin babbar riga.