Rajista da Cancantar Shiga Gasar Ces ta Ƙasa a Amurka

A Amurka, hukumar US Chess, wadda aka kafa a 1939, ita ke da alhakin gasannin ƙasa na wasan ces, wato darar nan ta gida 64 da Larabawa ke kira shaɗaranji. Gasannin nata kashi biyu ne. Akwai na gayyata, wanda ba a sayen gurbinsa da kuɗi, akwai kuma na kowa da kowa, wanda duk mai katin zama mamba zai iya yin rajista. A duka biyun ana duba lambar ƙarfi ta ɗan wasa, sai dai aikinta ya sha bamban. A gasar gayyata ana so lambar ta kai wani matsayi kafin a kira mutum. A rukunan gasar kowa da kowa kuwa ana so kada ta wuce wani matsayi, domin kada babba ya sauko ya cinye rabon ƙanana.

Lambar ƙarfi

Tun 1950 hukumar ta fara auna 'yan wasa da tsarin Kenneth Harkness. A 1960 ta koma tsarin Arpad Elo, malamin kimiyyar fiziya ɗan asalin Hungari da ya koyar a Jami'ar Marquette, sannan hukumar ces ta duniya, FIDE, ta ɗauki tsarin a 1970. Hikimar tsarin ita ce tazarar da ke tsakanin lambobin mutum biyu tana hasashen sakamakonsu. Wanda ya fi abokin karawarsa da 200 ana sa ran ya kwashi kusan kashi 76 cikin ɗari na makin wasanninsu, wanda ya fi shi da 400 kuma kusan kashi 91. Bayan kowane wasa sai a gwada abin da aka yi tsammani da abin da ya faru. A lissafin FIDE, baligi mai 1800 da ya doke mai 2000 zai ƙaru da kusan 15, amma da mai 2000 ɗin ne ya yi nasara, abin da zai samu bai wuce 5 ba. US Chess tana amfani da nata gyararren lissafin, don haka mutum ɗaya yakan riƙe lambobi biyu da ba su zo daidai ba.

A ma'aunin US Chess, daga 2000 zuwa 2199 ƙwararre ne, 2200 gwanin ƙasa, 2400 babban gwani. Ƙasa da 2000 ana raba mutane aji-aji da tazarar 200: ajin A daga 1800, ajin B daga 1600, haka har ƙasa. Lambar wanda bai wuce wasa 25 ba ta wucin gadi ce, tana iya tashi ko faɗuwa da ɗaruruwa a gasa guda. Akwai kuma lamba daban ga wasa mai dogon lokaci, da mai sauri, da na walƙiya. Lambar da mutum ya tara a shafukan intanet na Chess.com ko Lichess ba ta hukumar ba ce, kuma wannan yakan ba sababbin shiga mamaki.

Babbar gasar gayyata

A da, ana samun zakaran Amurka ne ta karawar mutum biyu. Gasa irin ta yanzu ta fara a 1936, Samuel Reshevsky ya lashe ta. Bobby Fischer ya ci ta yana ɗan shekara 14, ya kuma ci ta sau 8 gaba ɗaya. A ta 1963/64 ya cinye wasanninsa 11 duka, ba canjaras ko ɗaya. Tun 2009 kulob ɗin ces na birnin Sen Luwis a jihar Mizuri ne ke karɓar baƙuncinta, kuma a mafi yawan shekarun baya-bayan nan mutum 12 ke shiga, kowa ya kara da kowa sau ɗaya.

Babu takardar rajista da za a cike a nan. Zakaran bara yana da kujerarsa. Wanda ya ci buɗaɗɗiyar gasar Amurka, wato ta kowa da kowa, yana da tasa, haka zakaran matasa. Masu shiryawa sukan zaɓi mutum da kansu, sauran kujerun kuma na masu lamba mafi girma ne, muddin sun buga wasanni isassu a 'yan watannin da ake dubawa. Wannan sharaɗin yana da kyau, don ba daidai ba ne mutum ya jingine allo shekaru yana zaune kan tsohuwar lamba, ya tare wa yaro mai tasowa hanya. Mata suna da gasarsu tun 1937, amma macen da lambarta ta kai tana iya shiga babbar.

Sharaɗin da ya fi jawo magana shi ne na tuta. Dole ne a rajistar FIDE ɗan wasa ya kasance ƙarƙashin Amurka, kuma FIDE ta yarda a canza hukuma bisa ƙa'idojinta. Wesley So ya taso daga Filifin a 2014, Fabiano Caruana, haifaffen Mayami, ya dawo daga Italiya a 2015, Leinier Domínguez ya bar Kuba a 2018, Levon Aronian ya bar Armeniya a 2021. Caruana ya ci gasar a 2016, So ya ci a 2017. Gasar ta ƙara armashi ƙwarai da zuwansu, amma kowane ɗaya da ya shigo ya rage kujera ɗaya cikin 12 ga waɗanda suka taso a gida. Birtaniya ta taɓa fuskantar irin wannan ta wata fuska: a da 'yan ƙasashen rainon Ingila suna da damar shiga gasarta, har Mir Sultan Khan ya ci ta a 1929, 1932 da 1933. Da 'yan Indiya suka ci ta a jere, R. B. Ramesh a 2002 da Abhijit Kunte a 2003, sai aka taƙaita ta daga 2004.

Gasannin kowa da kowa

Nan ne mafi yawan mutane ke haɗuwa da batun rajista. Buɗaɗɗiyar gasar Amurka, wadda ake yi tun 1900, da gasannin ƙasa na makarantu, duk suna buƙatar katin mamba da bai ƙare ba har ranar rufe gasa, da lambar shaidar mamba, da kuɗin shiga. Kuɗin yana hawa mataki-mataki: wanda ya biya da wuri ya fi samun sauƙi, wanda ya bari sai ya iso zauren gasa shi ke biyan mafi tsada. Mai uzuri a wani zagaye yana iya neman a ɗauke masa shi tun da wuri a ba shi rabin maki, gwargwadon abin da sanarwar gasar ta yarda. Ana haɗa 'yan wasa da tsarin Suwis, inda masu maki ɗaya ke karawa da juna kuma ba a fitar da kowa, shi ya sa zaure ɗaya ke ɗaukar ɗaruruwa a zagaye 7 ko 9.

A gasannin makarantu ana fara duba ajin da yaro yake, sannan lambarsa. Kowace gasa tana da rukunin zakaru, wanda ba shi da iyaka ta sama, da rukunan "ƙasa da kaza", kamar ƙasa da 1200 ko ƙasa da 800, da na waɗanda ba su da lamba tukuna. Ƙarami yana da damar hawa sama ya gwada kansa, babba ba shi da damar saukowa. Sau ɗaya a shekara huɗu akan haɗa gasannin firamare da na sakandare wuri guda. Wadda aka yi a Nashbil a 2017 ta tara yara sama da 5,000.

Tunda lamba tana motsi kullum, hukumar tana fitar da jerin lambobi na hukuma wata-wata, kuma sanarwar gasa tana faɗin jerin watan da za a yi aiki da shi. A ce yarinya tana da 1185 a jerin da aka ambata, ta yi rajista a rukunin ƙasa da 1200, sai ta buga wata gasa a unguwarsu ta koma 1230 kafin ranar. A bisa al'ada lambar jerin ce ke aiki, ba ta safiyar gasar ba. Wanda kuma jerin ya nuna shi da 1200 cif ya fita daga rukunin, don "ƙasa da 1200" a 1199 ya tsaya. Iyaye da masu horarwa da yawa sai sun iso teburin rajista, yaro riƙe da jakar allo da agogo, sannan suke gane wannan.

Masu ɓoye ƙarfi

Inda aka sa kyauta a rukunin ƙanana, ba a rasa mai faɗuwa da gangan don lambarsa ta sauka ya shiga ya kwashe. Wannan ha'inci ne, kuma waɗanda yake cuta su ne masu koyo, waɗanda aka yi rukunin dominsu. Maganin da US Chess ta kawo shi ne daɓen lamba, wato iyakar da lambar mutum ba ta faɗuwa ƙasa da ita. Ana cire 200 daga mafi girman lambar da mutum ya taɓa kaiwa, a mayar da ragowar zuwa ɗarin da ke ƙasa. Wanda ya taɓa kai 1941, an cire 200 saura 1741, daɓensa 1700 ke nan. Ko ya sha kashi shekara guda ba zai shiga rukunin ƙasa da 1600 ba. Wanda ya ci babbar kyautar kuɗi a ƙaramin rukuni ma akan ɗaga masa daɓe. Alƙalin gasa yana da ikon ba mutum lamba sama da wadda aka buga idan yana da hujja, kuma ana buƙatar baƙo ya bayyana lambarsa ta FIDE ko ta ƙasarsa. Tsarin yana da nasa aibin: dattijon da ƙarfinsa ya ragu da gaske yakan maƙale a rukunin da ya fi shi.

Gasannin jihohi da na makarantu ba sa tambayar tuta kamar babbar gasar, makarantar da yaro yake ake dubawa. Ta wannan ƙofar Tanitoluwa Adewumi ya shiga. Iyayensa sun bar Najeriya a 2017 saboda barazanar Boko Haram, kuma a 2019, yana ɗan shekara 8, iyalin na zaune a gidan marasa matsuguni, ya ci rukunin zakaru na 'yan nazare zuwa aji uku a gasar jihar Niyok. A watan Mayun 2021 lambarsa ta haura 2200, ya zama gwanin ƙasa yana ɗan shekara 10.